Amaryar Da Ba Ta Shiga Jirgi

Masu karatu, ina gaishe ku. Yau sai kun yi haƙuri da ni. Ku kaɗai ne kuke bari in kai ƙarshen magana kafin a ce min in yi haƙuri.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Hamdiyya. A Yelwa aka haife ni, garin da duk inda ka juya ruwa ne yake kallonka. Babana tela ne a bakin kasuwa, Innata kuma tana sayar da bandararren kifi a cikin gida. An sa ranar aurena da Faruk bayan babbar Sallah, kuma ba wanda ya tilasta min, ni na gani na ce ina so. Matsalar guda ɗaya ce tak. Gidansu Faruk a gungu yake, wato tsibiri, can ta wajen Ngaski, inda babu mota babu babur, sai jirgi. Ni kuwa rabona da sa ƙafa a jirgi tun ranar da ruwa ya ci ƙanwata Hasiya.

Daga kasuwar ƙetare muke dawowa ni da ita, jirgin ya cika da buhunan albasa da mutane, sai ya daki wani kututturen itace da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa. Ni an ciro ni da rai. Hasiya sai washegari aka same ta. Tun daga ranar, ko ƙarar injin jirgi na jiyo daga nesa sai gwiwoyina su saki, ƙirjina ya toshe, yawun bakina ya ƙafe. Ko randar gidanmu ba na leƙawa, sai dai in zura moɗa ina kallon bango.

To ku dube ni fa. Duk samarin Yelwa, masu shago da masu aikin gwamnati, zuciyata ta tsallake su kaf ta je ta faɗa kan direban jirgi, wato Faruk. Shi yake kawo wa Inna kifi daga gungu. Dogo ne, baƙi, da wata 'yar wushirya, kuma in yana magana kamar ba ya son tayar da kowa daga barci. Ranar da ya fara cewa yana sona, ƙasa yake kallo yana murza hularsa, har sai da na tausaya wa hular.

Ya san labarin Hasiya, duk Yelwa ta sani. Abin da bai sani ba shi ne girman abin da ya rage a jikina. Da aka sa rana ne maganar ta fito fili, don amaryar gungu a jirgi ake kai ta, da kiɗa da guɗa, jiragen dangi suna raka ta hagu da dama, uwar miji tana jira a bakin gaɓa.

Inna ta ce mutanen ruwa, wato aljanu, su ne suka shafe ni. Aka kai ni wurin Malam Modibbo ya yi min ruƙiyya, na sha rubutu, na yi hayaƙi har hijabaina duka suka koma warin habbatussauda. Goggo Dudu kuwa, ƙanwar Baba, cewa ta yi shagwaɓa ce kawai.

"Mi za mu ce ma mutane?" in ji Inna, tana juya kifi a kan wayar banda. "Amarya ta ƙi jirgi? Bisa kai za su ɗauke ki su yi iyo da ke?"

"Inna, wallahi ba da gangan nake yi ba."

"Na sani, ɗiyata. Amma dangin miji ba su san hakanan ba."

Goggo Dudu ta taɓe baki. "Ku bar ni da ita. Ran biki a ja mata lulluɓi har ƙasa, a ba ta maganin barci, ta farka ɗakinta. Mu da anka kai mu aure wa yat tambaye mu ko muna tsoro?"

Na shige ɗaki na kwanta ina kallon silin. Ina son Faruk, Allah ya sani. Amma ƙafafuna ba su san soyayya ba.

Ƙawata Larai ce ta fara kawo min maganar Anti Zipora. Ta ce akwai wata mata a bayan tashar mota da ake kira likitar damuwa, ita ta taimaki yayarta lokacin da ta daina barci bayan haihuwa. Inna na jin sunan ta ɗaga kai.

"Zipora? Kirista? Mi tas sani ga aljanun ruwa?"

Baba ne ya raba gardamar. Ya ce shi yake yi mata ɗinki tun zuwanta garin, bai taɓa jin wani abin assha a kanta ba, kuma gwaji ba laifi ba ne.

Na je da zaton zan ga gadon asibiti da allura. Sai na tarar da ɗan ɗaki a cikin gidanta, da tabarma, da kujeru biyu na roba, da labule ruwan ganye, sai tukunyar ƙasa a lungu da ke sanyaya ruwa. Har darduma akwai a ninke a kan taga. Ita kuma mace ce gajera mai jiki, da tabarau, gashinta ya fara furfura a gefe, tana sanye da atamfar da na gane ɗinkin Baba ce tun daga wuya.

"Anti, ke ce likitar?"

Ta yi dariya. "Haka suke cewa. Ni ba likita ba ce, Hamdiyya. Aikin jinya na fara yi, daga baya na koma makaranta na karanci yadda ake zama da mutumin da zuciyarsa ta ji ciwo. Zauna. In ba ki son magana yau, sai mu sha zoɓo ki tafi."

Ban yi niyyar magana ba. Amma da na ga ba ta matsa min ba, sai na ji bakina ya buɗe da kansa. Na faɗa mata komai, har da rubutun Malam Modibbo, ina jira ta ce camfi ne.

"In kin sha rubutun, ya kike ji?"

"Nakan ɗan ji sanyi a raina."

"To ki ci gaba da sha."

Na kalle ta da mamaki. Ta cire tabarau tana gogewa da gefen zaninta.

"Bari in ba ki labarina, don ki san hannun wa kika shigo. Ni 'yar kan tudu ce, ƙauyenmu yana cikin duwatsu, manoma ne mu. Babana mai wa'azi ne a coci. Kakata kuwa, wadda ta haife shi, har ta mutu ba ta bar addinin iyayenta ba, ita ce mai saƙe-saƙin garinmu. Gida ɗaya na tashi, wannan yana addu'a a ɗaki, waccan tana dafa sassaƙe a tsakar gida, kowa yana ganin ɗan'uwansa ɓatacce ne."

Ta mayar da tabarau.

"Ina da ƙuruciya mijina ya rasu a hatsarin mota. Na daina ci, na daina magana. Babana ya tara mutane suka yi ta addu'a. Kakata ta yi min wanka da ganye. Likitan da nake aiki a ƙarƙashinsa ya ba ni ƙwayoyi. Kowannensu ya ce in bar na sauran, nasa ne gaskiya. Suna ta jayayya a kaina, ni kuwa ina ƙarewa."

"To wa ya warkar da ke?"

"Dukansu, da wata maƙwabciyata Bahaushiya. Ita ba ta san komai ba a harkar magani. Kullum da safe sai ta shigo ta miƙa min taɓarya ta ce in taya ta daka. Ba ta taɓa ce min in yi haƙuri ba. Muna daka, gumi yana zuba, wata rana sai na ji ina kuka, wata rana kuma na ji yunwa. Ƙwayar ta ba ni barci, addu'ar ta riƙe ni, wankan kakata ya tuna min ina da jiki, turmin nan kuma ya fitar da abin da ya daskare. Shi ya sa ni ba na korar kowa daga kan mara lafiya. Mutum ba abu ɗaya ba ne, akwai jiki, akwai tunani, akwai imani, akwai dangi. Duk wanda ya kama ɗaya ya bar sauran, rabin aiki ya yi."

Masu karatu, ban san lokacin da hawaye suka zubo min ba. Tun rasuwar Hasiya ban taɓa zama da wanda ya san irin wannan ramin daga ciki ba.

Kafin in tafi ta ce akwai doka ɗaya a ɗakinta.

"Duk abin da muke yi, in kin ce tsaya, an tsaya. Ko a tsakiyar magana ne, ko saura taku ɗaya. Ba zan tambaye ki dalili ba. Ranar hatsarin nan babu wanda ya ji tsayarki, ruwa bai ji ba, jirgi bai ji ba. Jikinki yana bukatar ya sake yarda cewa in kin ce a tsaya, za a tsaya."

Haka muka fara. Ta tura ni asibiti aka duba ni, aka ba ni maganin barci na ɗan lokaci. Ta tambaye ni addu'ar da na fi so, na ce Hasbunallahu wa ni'imal wakil. Ta koya min in ja numfashi da rabin farko, in sake shi a hankali da rabin ƙarshe. Ranar farko hannu kawai na tsoma a robar ruwa. Na ce tsaya, ta ɗauke robar nan take. Wani zuwan muka leƙa tukunyar ƙasar tare. Daga nan muka fara tattaki da safe, muna nufar bakin ruwa, kullum mu ƙara kusa kaɗan, in ƙirjina ya fara toshewa mu tsaya mu sayi ƙosai mu juyo.

Har Inna ta kira. Inna ta je da fuska a murtuke, ta zauna a bakin tabarma kamar wadda aka kawo kotu. Anti ta ce mata, "Inna, ba ni labarin Hasiya. Wace irin yarinya ce?" Ashe tun rasuwar babu wanda ya ambaci sunan a gaban Inna, kowa yana gudun tayar mata da hankali. Inna ta buɗe baki ta ce Hasiya ba ta cin kan kifi, sai kawai ta fashe da kuka. Muka rungume juna muna yi, Anti ta fita ta ja mana ƙofa. A hanyar gida Inna ta share ido ta ce, "Matar ga tana da hankali." A bakin Inna wannan ba ƙaramar lambar yabo ba ce.

Anti ta so ganin Faruk shi ma. Ta ce tunda shi zai tuƙa, ya kamata ya san dokar ɗakin. Na faɗa masa sau da yawa. Kullum sai ya ce lodi ya yi yawa, ko inji ya ba shi matsala. Da na matsa sai ya rubuto min:

"Hamdi, wannan ai zaman mata ne. Ki je kawai, ina bayanki."

Na rubuta masa: "Ta ce a hankali ake bi."

"A hankali har yaushe? Iya tana ta tambaya. An fara gyaran jiragen rakiya fa."

Iya ita ce mahaifiyarsa, Mariyamu. Shi kaɗai ne ɗanta namiji, kuma tun rasuwar babansa shi yake riƙe da ita.

Sai ga saƙon murya daga Faruk. Yana dariya yana ba ni labarin yadda shi ya koyi ruwa. Wai yana ƙarami yana tsoro, babansa ya kai shi tsakiya ya ɗaga shi ya jefa. Ya sha ruwa, ya yi ihu, ya yi ta fafutuka, da aka ciro shi shi ke nan tsoro ya tafi. Ya ce duk ɗan gungu haka aka yi masa, maganin ruwa shi ne ruwa. Ni ma dariya na yi, na tura masa fuskar nan mai hawayen dariya. Ban kawo komai a raina ba.

Ana saura 'yan makonni biki, na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Akwai wani tsohon kwale-kwale da aka jawo kan yashi ana gyara. Na riƙe hannun Anti, na ɗaga ƙafa, na shiga na zauna. Ina zaune a ciki har na karanta addu'ata na ƙare. Anti ta ce mataki na gaba shi ne jirgin da ke ɗaure a ruwa mara zurfi, amma ba yanzu ba, sai na saba da wannan.

Farin ciki ya hana ni yin shiru. Ina isa gida na rubuta wa Faruk: "Albishirinka! Yau na zauna a cikin jirgi!"

Ya amsa nan take: "Allahu akbar! Amaryata jaruma. Dole in gani da idona."

Ranar kasuwa Goggo Dudu ta shigo ta ce in raka ta bakin ruwa sayen kifi. Na sa doguwar rigata ruwan toka da mayafin da Faruk ya kawo min tsaraba, ruwan hoda mai ɗan duwatsu a baki. Har turare na fesa, don na san zan gan shi.

Yana tsaye kusa da jirginsa, ya sa farar riga, yana murmushi. Gaban jirgin yana kan yashi, bayansa yana cikin ruwa. Wani abokinsa yana zaune a gefe yana gyaran igiya.

"Zo ki nuna min," ya ce.

"Yaya Faruk, wannan rabinsa a ruwa yake."

"Gaban kawai za ki zauna. Dubi, bisa ƙasa yake. Ba inda za mu."

"Anti ta ce ba yanzu ba."

Goggo Dudu ta riga ta haye ta zauna, tana miƙo min hannu. "Ke dai taho. Mijinki na roƙonki kina kawo zancen wata Anti?"

Na kalli fuskarsa. Idanun nan ne masu sanyi da na sani, mutumin da ko muryarsa bai taɓa ɗaga min ba. Na ce a raina, in ban yarda da wannan ba, da wa zan yarda? Na ja numfashi, na shiga, na zauna a kan katakon gaba.

"Kin gani?" ya ce. "Ba komai."

Sai na ji yashi yana gogar ƙasan jirgin. Abokin ne ya sa kafaɗa ya tura. Faruk ya yi tsalle ya faɗo ciki, ya ja igiyar inji.

"Tsaya," na ce.

Injin ya tashi.

"Yaya Faruk, tsaya! Na ce tsaya!"

"Yi haƙuri, Hamdi, yanzu zai wuce! Kalle ni, kar ki kalli ruwa!"

Goggo Dudu ta rungume ni ta baya ta matse, tana cewa, "Ja mu, ja mu, kar ka saurare ta." Gaɓa tana ja da baya. Ruwa ta ko'ina. Ni dai na san na yi ta faɗin kalmar nan har muryata ta dushe, ina ganin bakinsa yana motsi, hannunsa yana kan inji bai sake ba. Daga nan ban ƙara ganin Faruk ba. Buhunan albasa nake gani suna yawo, da ɗankwalin Hasiya. An ce sunanta na yi ta kira. An ce na yi amai a jikin Goggo, na yakushe ta, mayafina ya faɗa ruwa, sannan na sandare.

Na farfaɗo a kan yashi, kaina a buɗe, 'yan kasuwa sun kewaye ni. Faruk yana durƙushe yana kuka kamar yaro, yana cewa, "Wallahi ba nisa munka yi ba. Wallahi taimakonta nika so in yi." Kuma na san gaskiya yake faɗa. Wannan ne ma abin da ya fi ci min rai.

Kwana da kwanaki ban fita ba. Randa ta koma abin tsoro, har ruwan alwala sai Inna ta zuba min ina rufe da ido. Inna ta wanke Goggo Dudu tas, abin da ban taɓa gani ba, har Baba ya shiga tsakani. Wayata kuwa ba ta huta ba.

"Hamdi ki yafe min."

"Haka aka yi min, na zaci haka ake yi wa kowa."

"Ko zagina ne ki yi, amma ki amsa."

Ina karantawa, in kifa wayar. Ba fushi nake ba, masu karatu. Da fushi ne da sauƙi, don fushi yana hucewa. Wani abu ne daban da ban san sunansa ba.

Anti Zipora ta zo gida da kanta. Ta zauna a bakin katifata, ba ta ce ai na faɗa miki ba. Ta ce kuskurenta ne da ba ta je ta sami Faruk a bakin ruwa ba, tunda shi ya ƙi zuwa.

"Anti, duk wahalar da muka sha ta tafi a banza ko?"

"Ba ta tafi ba, amma an koma baya sosai. Ba zan ɓoye miki ba."

"Zan iya kafin biki?"

Ta kalli hannuna.

"Ban sani ba, Hamdiyya. Ruwa zan iya sake bi da ke, a hankali, in kina so. Ruwa bai taɓa yi miki alkawari ba. Amma akwai wanda ya ce miki ba inda za ku, kika ce tsaya bai tsaya ba. Wannan ban da tabbacin ina da maganinsa. Ba na jin malam ko likita suna da shi."

"Yana sona, Anti."

"Na yarda yana sonki."

"To me ya sa in na ga sunansa a waya nake kifa ta?"

Hannuna kawai ta riƙe, muka yi numfashin tare, amma ranar ko addu'ar ban iya kai wa ƙarshe ba.

Jiya da hantsi Baba ya dawo daga kasuwa da wuri, fuskarsa a sake, yana kiran Inna tun daga ƙofa. Wai Faruk ya same shi a shago tare da kawunsa. Ya ce ya fasa kai ni gungu. Ya kama ɗaki biyu a nan Yelwa, a bayan makarantar firamare, a mota za a kai amarya. Zai riƙa ƙetarawa kullum ya duba Iya ya dawo. Iya ta yi kuka, dangi sun yi surutu, wasu sun ce an shanye shi, amma ya tsaya a kan maganarsa.

Inna ta rangaɗa guɗa. Maƙwabta suka shigo ana ta barka. Har Goggo Dudu ta aiko a ce min in gode wa Allah, irin wannan miji ba a samunsa a kasuwa. Kuma gaskiyarta. Ɗan gungu ya bar gungu saboda mace, ya bar uwarsa ita kaɗai a tsakiyar ruwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Saƙonsa ya shigo: "Ba jirgi, ba ruwa, har abada in kina so. Zan zo bayan la'asar. Don Allah ki fito ko gaisawa mu yi."

Kowa a gidan yana murna an warware matsala. Na zauna ina jiran tawa murnar ta zo.

Bayan la'asar Inna ta ciro min atamfata shuɗiya mai zanen ganye, ta ɗaura min ɗankwali da hannunta, ta shafa min humra a wuya. Ta shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure, ta kai ruwa da soyayyen kifi a faranti mai murfi. Na sa kwalli. Na dubi madubi na ga amarya sosai.

Sai na ji sallamarsa.

Muryar nan ce mai taushi da nake kwana ina maimaita saƙonninta. Na miƙe, na fito tsakar gida, na wuce turmi, na wuce igiyar shanya. Ina hango gefen farar rigarsa ta labulen zaure, da takalmansa a ajiye a bakin ƙofa.

A nan gwiwoyina suka saki. Ƙirjina ya toshe, yawun bakina ya ƙafe. Na dafa bango.

"Hamdi?" ya kira a hankali daga ciki. "Ke ce? Shigo, ba abin da zai same ki."

Inna ta taho ta bayana tana murmushi, ta ɗan tura kafaɗata.

"Tahi mana, ɗiyata. Ai ba jirgi za ki shiga ba. Zaure na."

Na buɗe baki in ce mata to. Abin da ya fito, can ƙasa-ƙasa, shi ne, "Tsaya."